Kwandon Makullan Inna Bualai

Har yau in aka ambaci sunan Inna Bualai a ƙauyenmu na Non Tum, sai ka ga murmushi ya riga magana fitowa, don kowa kwandon nan yake tunawa.

Safiyar rana ta uku ce ta Bikin Ruwa, bikin sabuwar shekararmu. Gari kaf ya hallara a zauren haikali, kowa da abin da ya dafo wa malaman addininmu da ke zaune a haikalin: gasasshiyar kaza, miyar tohon gora, dafaffen ƙwai, ga kwandunan shinkafa mai danƙo an jera su reras kamar 'yan makaranta. Baba Tongdi, mijin Inna Bualai, ya ja gwiwa zuwa gaban Babban Malami, ya ɗaga kwandon gidansu da hannu biyu ya miƙa, tunda mace ba ta ba malami abu hannu da hannu. Malam ya karɓa. Ya cire murfi, ya zura hannu ko dubawa bai yi ba, yadda ya saba shekara hamsin, zai gutsuro loma. Sai muka ji kacau.

Ya zaro hannunsa a hankali. Makullin babur ne, da ɗan birin roba yana lilo a jikinsa.

Malam ya dubi makullin, ya leƙa kwandon, ya dubi Baba Tongdi.

"Tongdi," in ji shi, "bana ƙarfe kuka noma?"

Ba a dariya a gaban Malam lokacin cin abinci, amma ran nan dokar ta tafi hutu. Makulli goma sha bakwai ne cur a kwandon, ko ƙwayar shinkafa babu. Baba Tongdi ya sunkuya yana neman ramin da zai shige a tabarma. Daga can baya, cikin mata, sai muryar Inna Bualai ta taso.

"Wayyo, tsohon nan ya kashe ni! Na kan randa na ce maka, ba na ƙarƙashin matakala ba!"

"Ai duk kamarsu ɗaya," in ji Baba Tongdi, kai a ƙasa.

"Kai ma kamarku ɗaya da ɓaunarmu, amma ban taɓa ɗaura maka garma ba!"

Yadda aka yi makullan mazajen gari suka kwana a kwandon shinkafa, sai an ɗan koma baya.

A nan aka haifi Bualai, a nan ta yi aji huɗu ta ajiye littafi ta ɗauki lauje. Gajeriya ce, in ta tsaya cikin shinkafa lokacin girbi sai malafarta kawai ake gani tana tafiya ita kaɗai. Abu biyu ta zo duniya da su. Na farko hannun kwaɗon gwanda: a gindin tsamiyar bakin gari, inda jar hanyarmu ta haɗu da kwalta, nan take zama da turminta, kuma direbobin manyan motoci kan yi ratsen da bai kama su ba don su ci su yi hawaye. Na biyu hanci. Takan wuce ƙofar gida ta ɗaga murya, "Lamyai, daddawar kifinki ta fara juyawa, ƙara gishiri!" A buɗe tulu a tarar haka ne. Baba Tongdi ya bar shan giyar shinkafa tun shekarar farko ta aurensu, kuma shi da bakinsa ya ce ba tsoron zunubi ba ne, gajiya ce. Tun yana kan kunyar gona take faɗa masa kofi nawa ya sha da gidan wanda ya sha.

'Ya'yansu biyu maza, Sawai da ƙanensa Manit. Sawai shi ne mai barkwanci, Manit mai zuciya a kusa. Shekara tara ke nan da abin ya faru. Rana ta biyu ta biki, da tsakar rana, samari suna zaune a ƙarƙashin wani gida suna sha tun safe, ƙanƙara ta ƙare. Sawai ya hau babur zai sayo a garin kasuwa. Kwanar gadar magudanar ruwa ta jiƙe sharkaf da wasan ruwan yara, kansa kuma ba hular kwano. Bai kai kasuwar ba.

Wanda ya mutu a kan hanya ba a shigar da gawarsa gida, daga asibiti haikali aka wuce da shi. Wannan ne ya fi cin ran Bualai. Takan ce ɗanta ya fita sayen ƙanƙara, ko dawowa ya ɗauki rigarsa ba a bari ya yi ba. Ta kife turminta. Manit kuwa ya tattara ya tafi Bankok ya kama acaba, yana aiko da sabulu da maganin gwiwa, amma in biki ya zo sai ya ce aiki ya yi yawa. Shekara uku tsamiyar bakin gari ba ta ji ƙarar taɓarya ba.

Malama Wanna, ma'aikaciyar jinya ta ɗakin shan maganinmu, ita ce ta fara gajiya da ɗinkin kawuna duk sabuwar shekara. A shekara ta ukun nan, ana saura wata guda biki, ta sa mai gari Kamdi ya tara mu. Ta shimfiɗa taswirar yankinmu a kan tebur, duk ta ɗiɗɗiga mata jan alƙalami.

"Kowane ɗigo ɗan wani ne," in ji ta. "Ku duba da kyau. Ba a babban titi suke faɗuwa ba, tsakanin ƙauye da ƙauye ne, da rana tsaka. 'Yan sanda ba za su tsare kowace ƙofa ba. Ni kuma zare da allura kawai na iya, sai an fasa ake kawo mini."

Aka yi shawara a kafa shinge a bakin gari. Mai gari Kamdi mutumin kirki ne, sai dai duniya ba abin da yake so kamar usur da riga mai ƙyalli. Ranar farko ta biki ya fito da tebur, da igiya mai jajayen tsummoki, da 'yan sa-kai biyar. Babur na farko ya taho da samari uku a kai. Mai gari ya ɗaga hannu ya hura usur.

"Barka da sabuwar shekara, Kawu!" suka ce, suka juye masa bokitin ruwa a ka, na bayan ya shafe masa fuska da farar hoda, suka sunkuya ta ƙarƙashin igiya suka yi gaba.

To, ranar biki ba a fushi da ruwa, wanda ya jiƙa ka alheri ya yi maka. Haka mai gari ya wuni yana karɓar alheri. Kafin yamma ya koma kamar kifin da aka birkiɗa a gari za a soya, usur ɗin ma ya sha ruwa, in ya hura sai dai ka ji kururu. 'Yan sanda sun zo sun yi awa guda, amma kafin motarsu ta tsaya labari ya zaga wayoyi, kowa ya bi ta kunyar gona. Suna tafiya aka dawo kan hanya.

Washegari da hantsi sai ga Inna Bualai. Tana riƙe da tasar ruwan ƙamshi da furanni a kai, da ƙullin zaren auduga. Baba Tongdi na biye da tabarma a kafaɗa, kwandon shinkafa a rataye, turmi a rungume. Da mutane suka ga turmin, sai kowa ya yi kamar bai gani ba.

"Mai gari," in ji ta, "kwance igiyar nan. Ba awaki muke tarewa ba."

"Yaya Bualai, da igiyar ma ya muka ƙare?"

"Shi ya sa na ce ka kwance. Jeka ka zauna a inuwa ka bushe."

Ta shimfiɗa tabarmarta dab da bakin hanya ta zauna. Duk wanda ya tashi a nan ya san abin da tasa da zare ke nufi a sabuwar shekara: yaro ya durƙusa ya zuba wa babba ruwa a hannu, babba ya ɗaura masa farin zare a wuyan hannu ya sa masa albarka, kuma zaren nan ba a yanke shi, ba a cire shi sai ya kwana uku. Ana tsere wa ɗan sanda, ana jiƙa mai gari, amma tsohuwa ta kira ka karɓar albarka ka wuce? Kafin ka kai gada uwarka ta ji labari. Ba a kuma karɓar albarka daga kan babur, kanka sama da na tsohuwa.

Wanda ya fara faɗawa hannu shi ne Piak, ɗan Lamyai mai kanti.

"Kai, ɗan gidan Lamyai! Wucewa za ka yi ka bar albarka a ƙasa?"

"Inna, sauri nake, yanzun nan zan dawo."

"Ni ma sauri nake. Tsohuwa ce ni, wa ya ce maka zan kai yamma? Sauko."

Piak ya kafe babur ya sauko yana sosa ƙeya. Ya durƙusa, ya zuba mata ruwa, ya miƙa hannu. Ta shiga ɗaura zare a hankali kamar mai saƙa.

"Ka yi tsawon rai. Ka yi arziki. Ka sami mata mai haƙuri, don za ta buƙace shi. Amsa mana."

"Na karɓa, Inna," in ji shi, baki a gefe.

"Ban ji ba. Juyo nan ka faɗa da ƙarfi."

Ya juyo ya faɗa. Hancin Inna ya motsa.

"Nawa ka sha?"

"Rabin kofi ne kawai, na rantse."

"Kofin da ake yi wa ɓauna wanka da shi?"

Sai Piak ya ji kacau a bayansa. Baba Tongdi ne, wanda ko kaza ba ta jin tafiyarsa, ya zare makullin ya jefa a kwando ya rufe. Da Piak ya dubi hannunsa kuma, sai ya ga nasa zaren ba fari ba ne, rawaya ne, an rina shi da gangamau.

"Gobe da safe ka zo ka karɓi abinka," in ji Inna. "Yanzu zauna in daka maka kwaɗo. Barkono nawa?"

Da haka taɓarya ta dawo bakin aiki. Wanda bakinsa ke da tsabta a ɗaura masa fari, a tambaye shi ina hular kwanonsa, ya wuce. Wanda hanci ya kama a ba shi rawaya da kwaɗo mai barkono goma, wanda ke sa mutum ya tuna sunan kakansa na bakwai. Ba a jima ba sai ga Lamyai ta taho tana ɗaura zani, bakinta na gaba ita tana baya.

"Bualai! Da wane iko kika ƙwace wa ɗana makulli? Ke ce gwamnati?"

"Zauna ki ci kwaɗo, Lamyai."

"Ba kwaɗo ya kawo ni ba!"

"To tsaya a tsaye in tambaye ki. Yau a ina kike so ya kwana, a gidanki ko a haikali?"

Lamyai ta dubi Piak yana sharɓar majina a kan faranti. Ta zauna. Sai da ta cinye rabin farantin ɗanta sannan ta share baki ta ce, don kowa ya ji, duk wanda ya zo kantinta da rawayan zare ruwan kwakwa zai sha, ko da uban mai gari ne. Mai gari ya ce ubansa ya rasu, amma ya ji. Shi ma ya sami aikin da ya fi usur: ya kawo akori-kurarsa, duk mai rawayan zaren da ke da uzuri na gaskiya a garin kasuwa sai ya kai shi ya dawo da shi. Malama Wanna ta zauna a gefe da akwatin maganinta a rufe, tana ta kallonsa kamar ba ta yarda da shi ba.

Kafin la'asar makulli goma sha shida sun kwanta a kwando. Ɗaya daga ciki ma na san mai shi sarai, amma ba labarinsa muke ba.

Abin da kowa ya sani, ba wanda ya furta, shi ne Manit yana gari. Shekarar ce karon farko da ya zo biki tun rasuwar wansa. Ya iso ranar farko a kan wani baƙin babur mai ƙugi kamar hadari, ya gai da iyayensa a tsaitsaye, ya wuce wajen abokai. Inna tana daka tana barkwanci, amma duk ƙarar injin da ta taso daga cikin gari sai taɓaryar ta ɗan tsaya.

Wajen ƙarfe uku sai ga shi. Ido jawur, riga a buɗe, kai ba hula. Ya ja birki a gaban tabarmar amma bai kashe injin ba. In Manit ya wuce, shingen ya mutu a ranar da aka haife shi, don ba wanda zai ƙara durƙusa wa tsohuwar da ɗanta ya tsallake ta. Wannan ma ƙaramin abu ne. Hanyar nan ɗaya ce tak, kuma ta kan gadar take bi.

"Manit," in ji Inna, "sauko in sa maka albarka."

"Kin sa mini jiya, Inna. Ba ta ƙare ba."

"Ta jiya ta jiya ce."

"Inna, shekara uku ina kutsawa tsakanin bas da tirela a Bankok, ko ƙwarzane babu a jikina. 'Yar hanyar awakin nan ce za ta kayar da ni?"

"Ina za ka?"

"Sayen ƙanƙara."

Wata tsohuwa a gefe ta dafe ƙirji. Daga cikin masu rawayan zare wani ya ce ƙasa-ƙasa, amma yadda za a ji, "To fa. Bari mu gani ko zaren yana kama ɗan gida." Baba Tongdi ya lallaɓo ta baya, sai Manit ya ɗora tafinsa a kan makullin ko waiwayowa bai yi ba.

"Baba, an ba ni labarin wannan dabarar tun safe."

Mai gari ya miƙe yana laluben usur. "Manit, ɗana, ji nan..."

"Kawu, kai dai zauna ka ƙarasa bushewa."

Ya murɗa hannun babur, injin ya yi ƙara. Muna jira mu ji Inna ta ɗaga muryar nan tata da ake ji daga ƙauye uku. Ba ta ɗaga ba. Ta ajiye zaren, ta dafa tabarma, ta miƙe gwiwoyinta na ƙas-ƙas. Ta tako har gaban tayar babur. Ta haɗa tafukanta biyu ta ɗaga su zuwa goshi, yadda ake yi wa malami, sannan ta fara yin ƙasa.

A wurinmu ba abin da ya kai wannan tsoro. Uwa ta durƙusa wa ɗan da ta haifa, kwanansa ta rage masa, kuma zunubin da ya hau kansa ba sadakar da ke wanke shi. Ko ɓarawon shanu ba ya tsayawa uwarsa ta kai ƙasa a gabansa.

Ban taɓa ganin mutum ya bar babur da sauri irin haka ba. Babur ɗin ya kife gefe yana ta ƙugi shi kaɗai. Manit ya cafe ta a gwiwar hannu kafin gwiwarta ta taɓa ƙura, ya zube ƙasa ya kifa goshinsa a kan ƙafafunta.

"Inna, kada ki yi! Kada ki yi mini haka!"

"To ya zan yi?" in ji ta. "Na kira ka ka ƙi saukowa, sai ni in sauko."

Baba Tongdi ya je ya kashe injin, amma bai taɓa makullin ba. Abin da uwa da ɗa suka faɗa bayan haka a hankali suka faɗe shi, kuma duk wanda ka tambaya a Non Tum zai ce maka bai ji ba. Ga abin da ba mu ji ba.

"Ni na ba shi makullin ran nan, Inna. Babur ɗina ne. Ni na ce masa ƙanƙara ta ƙare."

"Na sani."

Ya ɗago kai. "Kin sani?"

"Ta gabana ya wuce, a nan inda kake. Tun yana wajen rijiya na ji warin bakinsa. Ka san abin da na ce masa? Na ce in ya je ya sayo mini lemun tsami." Ta ɗora hannu a kansa. "Shekara uku kana can kana dakon rabinka, ina nan ina dakon rabina, kowa ya ɗauka kayan nasa ne shi kaɗai."

Sai Baba Tongdi, wanda kan yi sati bai haɗa magana goma ba, ya ce, "Ni ma na ga tayar gaban ta suɗe. Na ce sai bayan biki."

Lamyai ta ja tsaki tana goge ido da bakin zani. "In rabo ake yi a ba ni nawa. Kwalaben daga kantin wa suka fito?"

Mai gari kuwa, bayan biki da sati biyu aka gan shi ya sa rigarsa ta zuwa ofis yana zarya garin kasuwa, kuma kafin damina aka kafa ƙarfen kariya a kwanar gadar.

Manit ya tashi ya ɗaga babur ɗinsa, ya zare makullin da kansa. Ɗan birin roba ne ke lilo a jiki, wanda dā yake maƙale a makullin ɗakin Sawai. Ya buɗe kwandon ya saka. Sannan ya durƙusa ya zuba wa uwarsa ruwa a hannu, ya miƙa nasa hannun.

"Rawaya ko fari?" in ji wanda ya yi habaicin ɗazu, muryarsa ta yi laushi.

"Rawaya mana," in ji Inna. "Har biyu ma. Ba ku ji yadda yake tashi kamar tukunyar dahuwa ba?"

Da yamma aka kai kwandon gida aka ajiye ƙarƙashin matakala. Da safe Inna ta cika ɗan'uwansa da shinkafa mai zafi ta ɗora a kan randa, ta yi gaba da tukunyar miya, ta ce wa tsohon ya taho da kwando. Sauran kun ji.

Da dariya ta lafa a zauren haikali, mai gari ya ja gwiwa ya matsa, ya haɗa hannu.

"Malam, a yi haƙuri, kuskure ne. A ba mu mu mayar wa masu shi."

"Kuskure?" in ji Malam. "Da hannu biyu aka miƙo, da hannu biyu na karɓa, a gaban jama'a. Kamdi, tun yaushe ake karɓe abin da aka ba haikali?"

"Ba a yi, Malam."

"To. Ya zama kayan haikali. Sai dai ni mutum ne mai kyauta. Mai buƙata ya zo ya roƙa bayan na ci abinci. In an samo mini abincin ke nan."

Da rana ta take, ga mazaje goma sha bakwai a durƙushe a jere, kowa da rawayan zarensa, kawuna na sara. Malam ya ce kafin kyauta sai an karɓi dokoki biyar. Ba kisa, suka amsa. Ba sata, ba bin matar wani, ba ƙarya, suka amsa rututu. Da aka zo ta biyar, ta barin abin maye, sai muryoyi suka shige ciki. Malam ya kara hannu a kunne.

"Tsufa ba daɗi. Me kuka ce?"

Sai da suka maimaita sau uku, na ƙarshen har karnukan haikali suka yi haushi. Piak ya ɗaga hannu a ɗarare.

"Malam, dokar ta kwana nawa ce?"

"Har zaren hannunka ya tsinke don kansa."

"Malam, zaren Inna Bualai fa ninki huɗu ne."

"Ashe ka yi sa'a."

Ya sa suka yi ta jidar yashi daga rafi zuwa farfajiyar haikali, yadda ake yi duk sabuwar shekara, sannan ya riƙa kiransu ɗaya-ɗaya. Da ya zo kan na Manit, ya juya ɗan birin a tafinsa ya daɗe yana kallo.

"Wannan birin na san shi," in ji shi. Ya miƙa masa.

Shekara shida ke nan. Abin da ya fara da ɓatan kai yanzu ya zama tsari: duk yammacin biki Baba Tongdi ke kai kwandon haikali da gangan, da hannu biyu, kuma mai makulli ya san inda zai same shi da abin da zai faɗa kafin a ba shi. Lamyai na nan kan bakanta, ko da yake takan yi mita cewa ruwan kwakwa ba ya kawo ciniki. Ƙauyuka huɗu na kusa sun kwaikaya. Na Don Kha da ba su da mai hanci irin namu, tsofaffi uku suke jerawa, sai biyu sun yarda ake zare makulli. Manit yana zuwa duk shekara. Kwana biyun farko shi ke tuƙa akori-kurar mai gari, ruwan kwakwa kawai a cikinsa. Rana ta uku da safe yakan kawo makullinsa da kansa ya jefa a kwando, ya ce, "Inna, ɗaura rawayan tun yanzu, kada in wahalar da hancinki."

Ba a ce an gama ba. Bara wani mai wayo ya zaga ta kunyar gona ya faɗa a rami, ya karya ƙashin wuya, Malama Wanna ta ɗaure shi tana yi masa faɗa har ya ce gara ciwon. Amma taswirarta ta daina yin ja a wajenmu, kuma tun daga waccan shekarar ba ɗan Non Tum da aka kai haikali a kwance lokacin biki. Ba ma cika faɗa da ƙarfi, kada a ji.

Bana Inna ta cika saba'in da huɗu. An samo mata kujerar roba saboda gwiwa, abin da ya sa dogaye sai sun ƙara yin ƙasa kafin kansu ya sauka ƙasa da nata. Ranar farko ta biki ina zaune a gindin tsamiyar sai ga Piak, wanda yanzu ya yi aure ya ajiye tumbi. Ya tsaya daga ɗan nesa a kan babur, hular kwano a ka, yana washe baki.

"Inna! Bana me za a kai wa Malam, shinkafa ko ƙarfe? A dai saya wa Baba tabarau!"

Aka kwashe da dariya, har da Baba Tongdi. Inna ba ta fasa dakanta ba. Sai da ta matse lemun tsami a turmi, ta ɗanɗana, sannan ta ɗago.

"Yi dariyarka, Piak, ai don ita nake gasuwa a ranar nan. Shekara hamsin ina kai wa haikali shinkafa, sau ɗaya kuma na kai ɗa. Gara in yi ta kai musu ƙarfe." Ta ajiye taɓarya ta jawo ƙullin zare. "Amma sauko ka ƙarasa dariyar nan kusa da hancina. Kamar na ji tana da wari."